Notin sifroket ɗin gaba yana ta kwancewa a babur ɗin ƙanƙara, dan Allah masana a taimaka

Abban Sadik (Calgary):
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah ina neman shawara daga manyanmu makanikai. Ina da babur KTM 500 EXC-F wanda na saya na hannu, idan sanyi ya shigo ina cire tayoyin in ɗaura mishi kit ɗin Timbersled saboda hawa kan dusar ƙanƙara. Matsalar ita ce notin da ke riƙe ƙaramin sifroket na jikin inji, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke jan sarƙa, kullum sai ya kwance. Zan ɗaure shi da sifana mai awo daidai Nm 60 (Nm awon ƙarfin ɗauri ne) yadda littafi ya ce, in sa gam ɗin Loctite, amma kafin in dawo daga daji sai in tarar da yatsa ma zan iya juya shi. Fitar da muka yi ta ƙarshe wajen Crowsnest Pass a duwatsun yammacin Kanada Allah ne kawai ya kiyaye, abokin tafiyata ne ya hango kan notin ya fito waje sosai muka tsaya. Kuma yanzu ina ganin ɗan danshin baƙin mai a bayan sifroket ɗin. Abin ya dame ni wlh domin a can idan babur ya mutu ba turawa ake yi ba, kana sauka ƙanƙara za ta haɗiye ka har ƙugu.

Musbahu Boxer:
Wslm. Yaya Abba dan Allah ka yi haƙuri, wai babur a kan ƙanƙara ba taya? to da me yake tafiya kenan

Abban Sadik (Calgary):
Musbahu babur ne irin na tseren daji, sai a cire tayar gaba a sa wani faffaɗan sulu mai zamewa, a cire tayar baya da ƙarfen da ke riƙe ta gaba ɗaya a sa bel ɗin roba mai manyan haƙora irin na katafila amma ƙarami. Sarƙa tana tashi daga sifroket ɗin inji ta juya wani shaf a cikin kit ɗin, daga nan wata sarƙar ta biyu ta kai ƙarfin ga bel. Masu yin Timbersled a Sandpoint suka fara a jihar Idaho ta Amurka, kamfanin Polaris ya saye su a 2015. Akwai wasu kamar Yeti da Camso. Inji dai injin babur ne, giya da kuloci duk yadda ka sani.

Sani Walda Panteka:
Alhaji Abba ai wannan ba abin dogon zance bane. Ka ɗaure shi tamau ka ɗiga mai walda guri biyu tsakanin noti da sifroket, shikenan kai da kwancewa har abada. Mu nan duk sati sai an kawo mana irinsa

Oga Ɗanlami Fagge:
Sani kar ka sa bawan Allah ya kashe injinsa. Wanda ake kawo muku ai wanda shaf ɗinsa ya riga ya cinye ne mai shi ba shi da kuɗin buɗe inji, sai a yi mai walda ya lallaɓa zuwa wani lokaci. A bayan sifroket ɗin nan akwai sil na roba, akwai boris, zafin walda zai bi shaf ya ƙona sil ɗin, kuma ƙarfen shaf ɗin an gasa shi ne musamman, in ka sake dafa shi ya tashi daga aiki. Ran da sifroket ya ci kuma sai da giranda za a yanke shi.

Abba ni ban taɓa ganin wannan babur da idona ba amma noti noti ne a ko'ina. Noti baya kwancewa haka kawai, sai in abin da ya danne yana motsi a ƙarƙashinsa. Kamar ƙotar fartanya ce, in ruwan fartanyar na girgiɗi a ciki ko me ka cusa sai ya fito. Ka kama sifroket ɗin da hannu bayan ka ɗaure notin, ka jijjiga shi gaba da baya ta yadda yake juyawa, sannan ka ja shi waje ka tura ciki. Ka gaya mana wanne yake wasa.

Sani Walda Panteka:
Oga na yarda da maganar sil, amma fa mutum yana cikin daji cikin sanyi, wanne ya fi, sil ya ƙone ko sarƙa ta faɗi ta fasa mai kasko?

Oga Ɗanlami Fagge:
Ai yanzu ba a daji yake ba, yana gida, yana da lokacin gano ainihin ciwon

Abban Sadik (Calgary):
Nagode Oga. Na je gareji yanzu na gwada. Ta ɓangaren juyawa yana da ɗan wasa, ina jin ƙas ƙas kaɗan. Ja waje da turawa ma yana motsi amma kaɗan ne ƙwarai, sai ka sa ƙarfi za ka ji. Kuma wannan bayan na ɗaure har sifanar ta yi ƙara ne fa.

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Slm. Yaya Abba wannan na biyun da ka ce kaɗan ne ƙwarai, shi ne ya fi damuna. A tsarin wannan injin bai kamata sifroket ya motsa ciki da waje ba ko kaɗan idan an ɗaure. Washar da ke ƙarƙashin kan notin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, mai ƙoƙo ce kamar marfi, ƙarfen sifirin ne, gefenta yana danne sifroket, sifroket ya danne wani zobe na ƙarfe da ke bayansa, zoben kuma ya matse ɗan siririn O-ring, wato zoben roba mai tare mai, a jikin shaf. Duk jerin nan ƙarfin washar ne yake riƙe da su. Shi ya sa da na karanta ka ce akwai danshin mai sai na ji kusan abu ɗaya ne, matsin ya tafi, mai ya samu hanya, sifroket ya samu damar wasa.

To idan sifana ta ce Nm 60 amma sifroket yana motsi, ƙarfin naka wani wuri ya tafi ba kan washa ba. Sifana mai awo bata san me noti ya danne ba, tana auna wahalar juyawa ne kawai. Ramin da ke cikin shaf ɗin toshe yake ta ciki, idan noti ya yi tsawo ko kuma busasshen gam ya taru a ƙasan ramin, bakin notin zai je ya tokare, sifana ta yi ƙara, kai kana ganin ka ɗaure alhali kan notin bai ma danne washar yadda ya kamata ba.

Ka gwada wannan dan Allah: cire komai, ka mayar da notin shi kaɗai ba washa ba sifroket, ka juya da yatsa har ya tsaya, ka duba tazarar da ta rage tsakanin ƙasan kan notin da bakin shaf. Idan tazarar ta kai kaurin washa ko ta fi, to ga ɓarawonka nan. Sannan ka ɗora washar a kan gilashi ko wani abu mai shimfiɗa ka gani ko har yanzu tana da tudu.

Kawu Bala Minnesota:
Hauwa ta faɗi mai muhimmanci. Bari in ƙara ɗaya wanda mutanen gida ba za su yi tunaninsa ba domin ba matsalarsu bace. Abba garejinka akwai hita? Ina aikin ƙananan injina a nan shekara da shekaru, injin share ƙanƙara da sunomobil, kuma abin da nake yawan gani shi ne mutum ya sa gam da daddare a garejin da sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, da asuba ya loda babur a mota. Wannan gam ɗin ba bushewa yake da iska ba, yana daskarewa ne idan ya rasa iska kuma ya taɓa ƙarfe, kuma awa 24 da aka rubuta a jikin kwalba a ɗumin ɗaki ne wajen digiri 22. Ƙasa da digiri 5 masu yin sa da kansu sun ce sai an haɗa da feshin da ke tada shi, SF 7649. In ba haka ba za ka fita da ruwa ne a zaren noti. Idan ka cire notin ka duba, in gam ɗin ya kama za ka ga busasshen gari yana marmashewa, in kuma ka ga danƙo-danƙo yana jiƙe to bai taɓa kamawa ba.

Abban Sadik (Calgary):
Kawu babu hita, garejin a ware yake da gidan. Kuma gaskiya da danshi nake ganinsa in na cire, shuɗi yana naso a yatsa.

Kawu Bala Minnesota:
To ka ga ɗaya kenan. Kuma shuɗi ka ce? Loctite mai lamba 243 kenan. Duba littafin shekarar babur ɗinka da kyau, waɗanda na gani na 450 da 500 na baya-bayan nan 2701 suka rubuta a wannan notin, kore ne mai ƙarfi sosai.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni shawarata a sa mashi jan gam kawai, 271, wannan ko bulon ɗin babbar mota yana riƙewa. Kuma a ɗaure da bindigar iska, hannu bai kai ta ba.

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Malam Isuhu jan yana riƙewa ƙwarai ba musu, amma ina tsoron a rufe ciwo da shi. Idan notin ya tokare a ƙasan rami, jan gam zai hana shi juyawa, amma sifroket zai ci gaba da wasa a kan haƙoran shaf har ya cinye su, kuma mutum ba zai sani ba saboda alamar da ke gaya masa akwai matsala ta ɓace. Sifroket abu ne mai araha, shaf kuwa sai an sauke inji an raba kasko biyu kafin a canza shi. Bindigar iska kuma a noti mai milimita 10 ba na so, ko ta miƙar da notin ya rasa ƙarfinsa ko ta ci zaren cikin shaf, wanda shi ne ba mu da madadinsa. A cire da ita ba laifi, ɗaurewa dai da hannu.

Oga Ɗanlami Fagge:
Hajiya Injiniya a nan zan ɗan bambanta da ke kaɗan. Ke da kanki kin ce sifanar awo bata san me aka danne ba. To hannun makaniki ya sani. In kana ɗaure noti da sifana ta hannu, wanda yake matse washa mai ƙoƙo za ka ji nauyin yana ƙaruwa sannu sannu, wanda ya tokare a ƙasa kuwa yana tafiya sakwa-sakwa sai kawai ya tsaya cak lokaci ɗaya. Yaran yanzu suna jiran ƙarar sifana ne basa sauraron hannunsu. Ban ce a yar da ita ba, amma a fara kai shi da ƙaramar sifana ana ji, sai a ƙarasa da mai awo.

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Baba wannan gaskiya ne kuma ban da abin cewa, haka ya kamata a yi. Abin da kawai zan riƙe shi ne ƙarashen ya zama da mai awo, domin Nm 60 da Nm 90 a doguwar sifana hannu baya bambance su sosai, musamman da safar hannu cikin sanyi.

Musbahu Boxer:
Ni tambayata, me yasa namu na nan basa wannan? Jincheng da roba-roba da na yi aiki a kansu, faranti ne ake sawa a juya shi ya shiga tsagin shaf a ɗaure da ƙananan noti biyu masu lamba goma, kuma sifroket ɗin yana wasa sosai ma amma bai cika kwancewa ba

Oga Ɗanlami Fagge:
Tambaya mai kyau ɗana. A namu notin biyun a jikin sifroket suke shiga, ba a jikin shaf ba. Faranti da sifroket da noti duk tare suke motsi, babu mai goga wani. Na Abba notin yana cikin shaf, washa tana kan sifroket, to duk lokacin da sifroket ya ɗan gusa a kan shaf sai ya ja washa, washa ta ja kan noti.

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Daidai. Kuma ga yadda yake tafiya. Sifroket ɗin a hagu yake, in ka tsaya ta hagu yana juyawa ne ta ɓangaren da ake kwance noti. Idan ka murɗa wuta shaf ne ke jan sifroket, gusawar da ake samu ta ɓangaren ɗaurewa ce. Idan ka saki wuta bel ɗin da nauyinsa shi ke jan inji, sai gusawar ta koma ɓangaren kwancewa. Mutum zai ce ai sun soke juna, amma ba haka bane, zaren noti gangara ne, kwancewa tana bin gangarar, ɗaurewa tana hawa, saboda haka kwancewa ta fi sauƙi kullum. Kowane zagaye ana samun ɗan ƙanƙanin ragi, in aka tara dubbai noti ya fito. Wani injiniya Bajamushe Gerhard Junker ya nuna wannan tun 1969, cewa motsin gefe a ƙarƙashin kan noti shi ne ke kwance shi fiye da girgiza ta tsaye, har yau da sunansa ake kiran na'urar gwajin.

Babur ɗin ƙanƙara kuwa ya fi na taya wahalar da wannan wurin. Bel yana da nauyi, a cikin laushin ƙanƙara yana juyawa a banza da gudu sai kwatsam ya kama ƙasa mai tauri ko kututture a ɓoye, babu roba a tsakani da za ta sha bugun, kuma yawancin yini a giya ta biyu da ta uku ake da wuta sosai.

Kawu Bala Minnesota:
A ƙara da sarƙa. Da yawa suna ɗaure sarƙar farko tamau saboda suna ganin ai babu shokobza da zai ja ta kamar a taya. Amma firam yana ɗan lanƙwasa, ƙanƙara tana daskarewa a tsakanin haƙora ta ƙara mata tauri, in ba ta da ɗan sako duk nauyin yana kan shaf da boris. Ka bi awon da littafin kit ɗin ya bayar, ka juya bel ɗin ka nemo inda sarƙar ta fi tauri ka auna a nan. Sannan ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifroket ɗin inji ka ga ko ya yi layi ɗaya da na kit ɗin. Kowane babur da nasa zobban da ake jerawa wajen ɗaura kit, in aka juya na hagu zuwa dama ko aka yi amfani da na wani babur sarƙa za ta riƙa jan sifroket gefe, wato tana tura shi kan washa a kowane juyi. Alamarsa za ka ga gefe ɗaya na haƙoran ya yi ƙyalli ya goge.

Abban Sadik (Calgary):
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, na rubuta duka. Yau dare ya yi kuma sanyi ya yi yawa, gobe bayan aiki insha Allah zan kwance in auna.

Sani Walda Panteka:
Tunda an hana walda, me zai hana a huda kan notin a zura waya a ɗaure? Ko a sa washar nan mai haƙora guda biyu ta Nord-Lock, na ga ana sa ta a manyan injina

Kawu Bala Minnesota:
Wayar akwai masu yi, amma a jikin me za ka ɗaure ta? Sifroket ne kawai ke juyawa tare da notin, kuma shi ne mai wasan, a hankali zai karya wayar. Tana dai iya hana notin faɗuwa gaba ɗaya na ɗan lokaci, wannan ma ba ƙaramin abu bane a daji. Nord-Lock tana aiki sosai a inda abin da aka danne baya juyawa, haƙoranta suna cizon ƙarfen ƙasa. A nan za ta ciji washa ne, washa kuma ita ce ake ja. Ga shi za ta rage tsawon zaren da ya shiga.

Admin:
Jama'a a ci gaba amma masu turo tallan kayan gyara a ƙarƙashin wannan zaren mun goge, a kai ranar kasuwa.

Abban Sadik (Calgary):
Salam, na dawo da labari. Na bi yadda Injiniya ta ce, na sa notin shi kaɗai da yatsa, ya tsaya da sauran tazara a fili wadda farcena yake shiga har da sarari, washar ma in na cusa ta gefe tana shigewa. Na haska ramin da tocila, ƙasan cike yake da wani abu mai tauri launin shuɗi da ja a gauraye, na sa siririyar kusa na ƙwaƙulo shi yana fitowa kamar tsakuwa. Jan ba nawa bane, daga mai babur ɗin na farko ne. Na wuce shagon kayan gyara na sayo noti da washa na asali, da na jera su da tsohon sai na ga ashe tsohon ba na wurin bane sam, irin na shagon kayan gini ne, ya fi sabon tsawo da kusan milimita 5, an buga lambar ƙarfinsa 8.8 a kansa, kuma ba shi da ɗan wuyan nan a ƙarƙashin kai da washa ke zama a kai ta tsaya a tsakiya. Tsohuwar washar na ɗora ta kan gilashi ta kwanta lif, sabuwar kuwa tana da tudu ana gani da ido. Sifroket ɗin ma ba na asali bane, na auna tsakiyarsa ya fi sabon siranta da wajen rabin milimita. Cikin haƙoransa akwai jan gari kamar tsatsa.

Oga Ɗanlami Fagge:
Alhamdulillah. Ka ga da an ɗiga walda duk wannan yana nan a ciki. Yanzu shaf ɗin fa? Shi nake son ji. Ka wanke haƙoransa ka duba da kyau, ka sa farce ka bi kowane ɗaya, in ka ji tudu kamar matakala a inda sifroket yake zama to ya fara ci.

Abban Sadik (Calgary):
Oga na wanke, gefen haƙoran ya yi ƙyalli kuma farce yana ɗan kamawa a guda biyu ko uku amma ba sosai ba. Da na zura sabon sifroket wasan ya ragu ƙwarai, saura ɗan kaɗan.

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Ɗan kaɗan dole ne, in babu shi ba zai shiga ba. Jan garin nan ƙarfe ne da ya goge ya yi tsatsa, shaidar an daɗe ana wasa. Yadda ka kwatanta inaga shaf ɗin zai yi aiki, an cim masa da wuri. Kafin ka haɗa, tunda ka riga ka buɗe, ka zaro zoben baya ka canza O-ring, ka duba zoben ko sil ya yi masa tsagi, in ya yi canza su tare. Zaren cikin shaf ka bi shi da abin share zare, ka gwada a jikin sabon notin tukuna ka tabbata tazarar zaren ɗaya ce, kuma da hannu a hankali, sharewa muke so ba yanka sabo ba. Ka fesa abin wanke birki ka busa iska har ya fito fari, ka rufe idonka da tabarau. Gam ɗin ka ɗiga kaɗan a zaren cikin ramin ba a jikin noti kawai ba, domin ramin toshe ne iskar ciki tana turo shi waje, amma kar ka cika shi ya kwanta a ƙasa. Tudun washa yana kallon waje wajen kan noti. Ka bar sarƙa a ɗaure wani ya riƙe maka birkin kit ɗin ka ƙarasa.

Isuhu Maraɗi:
A shafa giris a haƙoran shaf kafin a sa, shi ke hana wannan jan garin

Kawu Bala Minnesota:
Ni ma ina shafawa, mai sinadarin moli (molybdenum) a ciki, ɗan kaɗan da burushi. Amma a kula kar ya kusanci bakin ramin, in ya taɓa zare an koma gidan jiya.

Oga Ɗanlami Fagge:
Mu nan giris yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa ya ci ƙarfe, shi yasa bana sawa. Amma can ba ƙura sai ruwa, wataƙila ku kuka fi gaskiya a wurinku

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Ni da zan yi, zan sa kaɗan saboda ruwa da gishirin hanya da ke fantsama masa a bayan mota. Akwai masu cike tsakanin haƙoran da gam mai kama shaf don kashe wasan gaba ɗaya, yana aiki, amma ran cirewa sai an gasa da wuta kusa da sil, ban ga dalilinsa ba a shaf ɗin da bai lalace ba.

Sani Walda Panteka:
To shi wannan koren gam ɗin ran cirewa fa, ba wutar za a sa ba shi ma?

Kawu Bala Minnesota:
Sani yawanci doguwar sifana tana karya shi a noti irin wannan. In ya ƙi sai a ɗumama kan notin kawai da bindigar zafi, masu ƙarfin suna sakewa wajen digiri 250, kuma ai duk wanda ya kai nan sil da O-ring sabo zai sa. Kuma Abba duk lokacin da ka cire, sabuwar washa, kar ka mayar da tsohuwa. Ka ari hita ka ɗumama garejin, ko ka ɗora fitila mai zafi kusa da wurin ka lulluɓe da bargo ba tare da ya taɓa ta ba, ƙarfen ne muke so ya yi ɗumi ba iska kawai ba, kwalbar gam ɗin ma a cikin gida za ka ajiye ta. In ka gama ka ja layi da alƙalamin fenti daga kan noti ya bi washa har kan sifroket, duk tsayawa ka leƙa. Kar ka riƙa sa sifana kana gwadawa ko ya kwance, kowane gwaji karya gam ɗin kake.

Abban Sadik (Calgary):
Jama'a barkanmu da war haka. Na haɗa kamar yadda kuka tsara, maƙwabcina ya ara min hita na bar shi ya kwana ya wuni kafin na taɓa. Wajen ɗaurewa na ji abin da Oga ya faɗa sarai, nauyin yana hawa sannu sannu har washa ta kwanta, ba irin tsayawar da ba. Sarƙar ma na tarar ta yi tauri na sassauta, layin sifroket biyun kuma daidai yake. Mun fita wajen garin Fernie ranar Asabar, hawa mai nauyi ƙwarai cikin itatuwa, layin fentin tsakanin noti da washa bai gusa ba ko kaɗan kuma bayan sifroket a bushe. Abu ɗaya dai, tsakanin washa da sifroket layin ya ɗan karkace kamar kaurin gashi biyu, shi ne nake tambaya ko abin damuwa ne.

Injiniya Hauwa (Edmonton):
Masha Allah. Wannan wasan haƙora ne da ya rage, in ya tsaya a nan ba komai. Wanda za ka sa wa ido shi ne na noti da washa, da kuma in na sifroket ɗin ya ci gaba da buɗewa ta gefe ɗaya. Ka ɗauki hotonsa yanzu ka riƙa kwatantawa. In ya ƙaru kafin ƙarshen sanyi to shaf ɗin ya ci fiye da yadda muke zato, sai ka shirya buɗe inji a bazara lokacin da za ka mayar da tayoyi.

Kawu Bala Minnesota:
Ka sayi noti da washa na biyu ka jefa a jaka da soket ɗinsu. Kuma wannan yankin naku na zaftarewar ƙanƙara ne, ka duba sanarwar Avalanche Canada, masu hasashen zaftarewar, kafin kowace fita, na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne da shebur da sandar bincike a jikinka ba a jikin babur ba.

Oga Ɗanlami Fagge:
Sarƙar fa Abba, ba ka ce komai a kanta ba. Ta daɗe tana gudu a kan sifroket mai rawa kuma a ɗaure tamau, in ta miƙe za ta cinye maka sabon nan da wuri. Ka ja ta daga bayan sifroket ɗin kit ka gani ko tana ɗagowa daga haƙora

Abban Sadik (Calgary):
Na ja Oga, tana ɗagowa har kusan rabin haƙori. Zan yi odar sabuwa mai lamba 520 mai O-ring da sifroket ɗin kit ɗin tare, ba zan fita ba sai sun iso.